Sau tara na sayi tikitin kallon kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a hoki, ga abin da na gani a SAP Center

Wani abokin aikina ɗan Kanada ne ya fara jana zuwa filin nan na SAP Center da ke birnin San Jose a Kalifoniya, ya yi kusan wata biyu yana min naci wai sai na je na ga hokin ƙanƙara da idona, a cewarsa talabijin cutar wasan take yi ba ta nuna ko rabinsa. Ranar 10 ga Oktoba 2024 na bi shi, wasan farko ne na kakar a gidan San Jose Sharks, kuma daga wannan dare zuwa watan Afrilu sai da na koma har sau takwas da kuɗin aljihuna ba wanda ya tura ni. Don haka abin da zan rubuta a nan ba ji na yi ba, na zauna a ƙasa kusa da gilashi, na zauna a sama can kusa da rufi, na je ta jirgin ƙasa na je da mota, na ga an ci mu na ga mun ci, kodayake gaskiya cin namu da aka yi shi ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Bari in fara da gaya muku irin kulob ɗin da za ku biya kuɗi ku kalla, don kar wani ya ce ban faɗa masa ba. NHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara, kulob 32 ne a Amurka da Kanada, a kakar da na kalla kowanne wasa 82 ya buga, rabi a gida rabi a waje. A kakar 2023 zuwa 2024 Sharks wasa 19 kacal suka ci, su ne na ƙarshe, har akwai mako guda a watan Nuwamba da Vancouver ta yi musu 10 da 1 sannan Pittsburgh ta biyo baya ta yi musu 10 da 2, wasa biyu a jere fa, a gidansu. Kakar da na kalla kuma wasa 20 suka ci, suka sake zama na ƙarshe, kuma babu kulob ɗin da aka zura wa raga kamarsu a duk gasar. A lokacin rabonsu da shiga wasannin neman kofi tun 2019. To in nasara ka fito nema ka koma gida kana murna, wannan tikitin ba naka ba ne tukuna, ka riƙe kuɗinka.

Ni abin da ya dinga mayar da ni yaro ne guda ɗaya mai lamba 71 a baya, Macklin Celebrini.

A daren farkon nan shekararsa 18 da wata huɗu, an haife shi a Vancouver a watan Yunin 2006, kuma Sharks sun samu ɗaukarsa ne saboda tsarin da ake bi a nan, wato kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi shi ya fi samun damar fara zaɓe cikin sababbin yara masu tasowa. Sun zo na ƙarshe, ƙuri'a ta faɗo kansu, suka ɗauke shi na ɗaya a 2024 a Las Vegas. Kafin nan shekara ɗaya ya yi a jami'ar Boston ya tara maki 64 a wasa 38, aka ba shi kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan hokin jami'o'in Amurka yana ɗan 17, ba a taɓa ba wa mai ƙarancin shekaru kamarsa ba. Duk wannan abokina ya karanto min a jirgi muna tafiya, ni dai ina jinsa ne kawai, don yaran da ake zuzutawa a wasanni kafin su yi komai ai ba yau aka fara ba.

Sai aka fara wasa. Ko minti goma ba a yi ba yaron ya sulalo ta gefen dama, mai tsaron baya ya tare masa hanya, kawai sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kamar zai koma baya ya wurgo faifan, wato abin da ake bugawa maimakon ƙwallo, zuwa gaban raga ba tare da ya kalli wajen ba, faifan ya daki takalmin wani ɗan St. Louis ya shige. Filin nan ya ɗau ihu, aka saki ƙahon nan mai kama da na jirgin ruwa wanda har a ƙirjinka kake jinsa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne cinsa na farko a NHL ma fas ne ya yi niyyar bayarwa, ɗan uwansa yake nema ba raga ba. Kafin a tafi hutun farko kuma ya sake zagayawa ta bayan raga ya miƙo wa Tyler Toffoli a daidai inda sandarsa take, shi kuma ya buga ta shiga. Muna 4 da 1 aka shiga zango na uku, ni har na fara tunanin ashe duk maganar da ake yi a kan kulob ɗin nan ƙari ne, wallahi a gaban idona St. Louis suka farke duka ukun suka kuma ci mu 5 da 4 a ƙarin lokaci. Wannan dare ɗaya shi ne hoton kakar gaba ɗaya, yaron ya gina a gaba a rushe a baya. Bayan wasan kuma aka ce ya ji ciwo a ƙugu, sai da ya rasa wasa 12, kulob ɗin kuma ya yi wasa tara na farko bai ci ko ɗaya ba.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, a taƙaice: mutum shida shida ne a kan ƙanƙara har da gola, zango uku ake yi kowanne minti 20, amma agogo tsayawa yake duk sanda aka busa usur don haka ka ware awa biyu da rabi. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci uku kaurinsa inci ɗaya, har daskarar da shi ake yi kafin wasa don kar ya dinga tsalle. Canji kuma ba a jira a tsayar da wasa, mutum ya yi daƙiƙa arba'in zuwa hamsin yana gudu iya ƙarfinsa ya faɗa benci wani ya tsallako katanga ya shigo. In ka yi laifi a kulle ka a wani ɗan akurkin gilashi na minti biyu kulob ɗinka ya buga da mutum huɗu ban da gola. Sannan a lissafinsu wanda ya ci da wanda ya taimaka aka ci duk maki ɗaya ɗaya ne, kuma har mutum biyu ake rubuta wa taimako a ci guda, wannan ya burge ni ƙwarai don yana ba wa mai rabon faifai haƙƙinsa.

Yanzu maganar kujera, wadda ita ce babbar shawarar da zan ba wa duk mai niyyar zuwa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kujerun ƙasa na jikin gilashi su ne masu tsada, kuma sau ɗaya na zauna a wajen, ba zan ce ba daɗi ba, kana jin ƙarar takalmi yana yankan ƙanƙara, kana jin sanda mutum biyu suka haɗu da katanga gilashin gabanka ya girgiza har sai ka ja baya, kana ganin gumi da fuskokinsu, a nan ne ma ka san ashe gudun da suke yi ya wuce yadda kake zato. Amma wasan kansa ba ka ganinsa. In faifai ya tafi ɗaya ƙarshen filin sai dai ka ɗaga kai ka kalli babban allon da ke rataye a tsakiya, to me ya kawo ka kenan, da ka zauna a gida. Kujerun sama kuwa, musamman waɗanda ke daidai tsakiya ko a kusurwa, sun fi araha sosai kuma daga nan ne kake ganin filin duka kamar an shimfiɗa maka dara, kuma daga nan ne kaɗai za ka gane me ya sa ake maganar yaron nan. Kai da kake sama kana ganin kowa, ka ga ɗan wasa ya ɓalle ta can gefe babu mai tsaronsa, zuciyarka ta ce a ba wancan a ba wancan, kafin ka rufe baki faifan ya riga ya isa sandarsa. Kai daga sama ka hango, shi yana ƙasa a tsakiyar ƙartai biyu masu nauyin kilo ɗari suna neman haɗa shi da bango, amma abin da ka gani shi ma ya gani, wani lokacin ma ya riga ka. Akwai sanda na ga ya bayar da fas zuwa wajen da babu kowa na ce kai ya ɓarar, sai ga William Eklund ya iso daidai wurin kamar sun yi alƙawari.

Na fara daina bin faifai da ido ina bin shi kawai, ko ba ya tare da faifan, kuma na ba ku shawara ku gwada hakan ko na zango ɗaya. Kansa ba ya zama wuri ɗaya, kafin faifai ya zo masa ya waiga hagu ya waiga dama sau biyu sau uku, don haka yana karɓa ya riga ya san inda zai kai. In ya shiga yankin abokan hamayya ba kullum yake rugawa raga ba, sai ya yi kamar zai wuce ya taka birki ƙanƙara ta yi feshi, mai tsaronsa ya zarce, shi kuma ya samu daƙiƙa ɗaya da zai jira 'yan uwansa su iso. Daƙiƙa ɗayar nan ita ce sana'ar tasa. Sannan abin da ban zata ba daga yaron da aka ɗauka na ɗaya aka cika shi da yabo, in an ƙwace faifai ba ya tsayawa yana ɗaga hannu, da gudu yake komawa baya, ya bi mutum ta baya ya ɗaga masa sanda ya zare faifan ya juyo. A jikin katanga inda ake kokawar gaske nan ma ba ya gudu, yana shiga da manya waɗanda suka ba shi shekara goma sha biyar ya fito da faifan. Ba shi da wani girman jiki na a zo a gani, ƙafa shida ne, amma ƙafafunsa a kafe suke.

Yana da nasa kuskuren, ba zan ɓoye ba. Wani lokacin yana son ya zura fas ta tsakiyar mutum uku inda ko allura ba za ta wuce ba, a tare, a juyo kansu da gudu, kuma da yake bayan kulob ɗin a buɗe yake sau da yawa irin wannan a raga take ƙarewa. Na ga hakan fiye da sau ɗaya kuma na ji haushi. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin yaron da ke gwada abu mai wuya yana ɗan 18 da wanda zai dinga wurga faifai bango don kar a zarge shi, na farkon zan ɗauka, shekaru za su koya masa lokacin da ake yi da lokacin da ake bari.

Dare mafi daɗi a wajena shi ne wanda Detroit suka zo a watan Nuwamba, bayan ya dawo daga jinya. Aka tashi 4 da 4 aka shiga ƙarin lokaci, wanda a nan mutum uku uku ake bugawa na minti biyar, fili ya yi faɗi kowa ya samu sarari, duk wanda ya fara ci shikenan an tashi. Ko minti ɗaya ba a cika ba ya kwaso faifai ya kutsa ya zuba a raga. Wata dattijuwa da ke gefena sanye da tsohuwar jesi da ta koɗe ta kama hannuna tana girgizawa tana hawaye, ban santa ba ba ta sanni ba. Da muna saukowa take ce min tun kulob ɗin yana wasa a Cow Palace take zuwa, wato shekaru biyun farko daga 1991 kafin a buɗe wannan filin a 1993, ta ga zamanin Joe Thornton da Patrick Marleau, ta ga sanda suka kai wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin NHL, a 2016 Pittsburgh ta doke su, ta ga kuma yadda aka watse. Na ce mata Mama kin ga kuwa an samu magaji, ta ce ita dai Allah ya ba ta tsawon rai ta gani. Mako guda bayan nan suka yi wa Los Angeles Kings 7 da 2 yaron ya ci biyu, wannan ma ina wurin, kuma a Kalifoniya cin Kings ba ƙaramin abu ba ne a wajen mutanen San Jose.

Tunda na ambaci Thornton, abu ɗaya da kulob ɗin ya yi wanda na yaba matuƙa shi ne inda suka sauke yaron. A gidan Thornton ya zauna a shekararsa ta farko, Will Smith kuma, ɗaya yaron da suka ɗauka na huɗu a 2023, ya zauna a gidan Marleau. Thornton mutum ne da ya taimaka aka ci sama da sau 1,100 a rayuwarsa ta NHL, yana cikin manyan masu rabon faifai da aka taɓa yi, Marleau kuma shi ke riƙe da tarihin yawan wasa, 1,779. Ka ɗauki yaro mai ido irin wannan ka ajiye shi a teburin cin abincin Thornton kullum, ai ka gama masa gata. Ranar 23 ga Nuwamba 2024 aka ɗaga lamba 19 ta Thornton sama aka jingine ta ba mai sake sawa, tana rataye kusa da lamba 12 ta Marleau, in ka zauna a kujerun sama suna nan kusan daidai idonka.

Filin kansa, wanda mutanen gari ke kira Shark Tank, yana ɗaukar mutum dubu goma sha bakwai da 'yan kai, kuma an gina shi yadda kujerun suka miƙe tsaye sosai, shi ya sa ko daga sama ba ka jin ka yi nisa. Kafin a fara wasa ana kashe fitilu a sauko da wani ƙaton kan kifin shak daga rufi, idanunsa jajaye hayaƙi na fita ta bakinsa, 'yan wasa su dinga fitowa ta cikin haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Sau tara na gani kuma har na taran sai da tsigar jikina ta tashi. In aka kulle ɗan abokan hamayya a akurki kuma sai filin duka a miƙe hannuwa ana buɗewa ana rufewa kamar bakin kifin, yara da tsofaffi. Ma'aikatan da ke nuna kujera suna da kirki, kuma akwai ƙa'idar da ya kamata ka sani, in ka fita ka dawo ana cikin wasa za su tsayar da kai a bakin ƙofa sai an busa usur, don kar ka tare wa mutane, kuma don faifan nan in ya tsallako yana iya raunata mutum. Bayan raga biyun akwai raga mai tsawo da aka ɗaura don kare 'yan kallo, a gefe kuma babu, sai ka sa ido.

Ka zo da wuri. Kamar rabin awa kafin a fara 'yan wasa suna fitowa motsa jiki, kuma ko tikitin sama ne da kai za ka iya saukowa jikin gilashi ka tsaya ka kalla, kaga ka samu daɗin ƙasa kyauta sannan ka hau sama ka kalli wasan yadda ya kamata. Yara suna zuwa da kwalaye sun rubuta roƙon a jefo musu faifai, wasu kuma suna samu. Ka zo da rigar sanyi ko da a waje ana zafi, a ƙasa sanyin ya fi, a sama da sauƙi. Tikiti a waya yake, ka tabbatar da caji, kuma kar ka ɗauko babbar jaka.

Zuwa wurin ba wahala ko kaɗan, tashar Diridon tana tsallaken titi, jirgin ƙasa na Caltrain na zuwa daga San Francisco da garuruwan da ke kan hanya, ka sauka ka taka minti biyar ka shiga. Ni jirgin na fi so. Sau biyu na je da mota, na biyun na ajiye ta a wani fakin na 'yan kasuwa da ke nesa kaɗan da filin, kuɗin da suka karɓa ya kusa na tikitin kansa sannan na yi fiye da rabin awa kafin in fita saboda ƙofa ɗaya suka buɗe, ban sake ba. Haka wata manhajar da ake sayar da tikitin hannu na biyu, ta nuna min farashi mai sauƙi sai da na zo biya na ga an lafta wasu kuɗaɗe a kai, don haka ka duba jimlar ƙarshe kafin ka danna. Amma dai amfanin bin kulob ɗin da ke ƙasa kenan, wasannin tsakiyar mako da ƙananan kulob tikitinsu na sauka sosai, ranar Asabar ko in manya irin su Toronto ko Edmonton sun zo ne yake tashi. Abinci ni a waje nake ci kafin in shiga, wajen San Pedro Square akwai gidajen abinci da yawa kuma tafiyar ƙafa ce, a ciki shayi ko kofi kawai nake saya in riƙe a hannu saboda sanyi.

Inda raina ya ɓaci shi ne bayan sabuwar shekara. Na san tsarin, manajan kulob ɗin Mike Grier, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a tarihin NHL, tun da ya zo a 2022 yake sayar da manya yana tara yara da damar zaɓe, Brent Burns ya tafi, Timo Meier ya tafi, Erik Karlsson ya tafi, Tomas Hertl ya tafi. A kan takarda abin yana da ma'ana kuma shi ya kawo Celebrini. Amma zama a kujera ka ga ana yi daban ne. A kakar nan kaɗai an sayar da gola Mackenzie Blackwood a Disamba, aka sayar da Mikael Granlund a Fabrairu alhali shi ke kan gaba a maki a lokacin, aka bi da Jake Walman da Fabian Zetterlund a Maris. Kyaftin Logan Couture ko wasa ɗaya bai buga ba saboda ciwo, a Afrilu ya sanar ya haƙura. Sai ya zama wasannin ƙarshe da na je yara ne zalla a gaba, a baya kuma ba kowa, kujeru da yawa a sama babu mutane, in baƙi suka ci sai ka ji ihunsu ya fi namu don magoya bayansu sun cika wurin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da nake tsoro kar yaro ya saba da shan kashi tun yana ƙarami har ya ɗauka haka rayuwa take. Ranar 9 ga Afrilu a Minnesota, wannan a talabijin na kalla, ya ci uku ya taimaka aka ci biyu, maki biyar a dare ɗaya, kulob ɗinsa ya ci bakwai, kuma duk da haka aka doke su 8 da 7. Na kashe talabijin na daɗe a zaune. Me kuma ake so ya yi?

Ya gama kakar da ci 25 da taimako 38, maki 63 a wasa 70, shi ne na ɗaya a kulob ɗin duk da wasa 12 da ya rasa. Kyautar Calder ta gwarzon sabon ɗan wasa Lane Hutson na Montreal aka ba wa, shi ya zo cikin ukun ƙarshe, kuma ban ce an yi zalunci ba don Hutson ya yi abin mamaki, amma ina so mutum ya tuna da waɗanda kowannensu ke ba wa fas. Taimako 38 a kulob ɗin da ya zo na ƙarshe, ni da idona na ƙirga fas nawa ya ajiye wa mutane a bakin raga suka buga sama ko suka buga wa gola a ƙirji. A watan Mayu Kanada ta kira shi gasar duniya yana ɗan 18 ya buga tare da fitaccen ɗan wasansu Sidney Crosby, su ma sun ga abin da muka gani.

In taurari za a bayar, filin da ma'aikatansa da sauƙin zuwa huɗu da rabi cikin biyar, kulob ɗin a yadda na same shi biyu, kuma biyun ma saboda yaran ne, shi da Smith wanda ya farfaɗo sosai a rabin kakar na biyu da aka haɗa su suna buga gaba tare, da Eklund, da sabon gola Yaroslav Askarov da aka kawo daga Nashville. Ƙuri'ar 2025 ba ta faɗo kansu ba duk da sun zo na ƙarshe, New York Islanders ta samu ta ɗauke Matthew Schaefer, mai tsaron bayan da ni a ganina shi suka fi buƙata, su kuma suka ɗauki Michael Misa na biyu, wani ɗan gaba da ya tara maki 134 a gasar matasa ta Ontario. To gaba kam an cika ta, saura a nemo masu tsare baya, manya waɗanda suka san aiki, ba sai an jira shekara biyar ba.

Abokin nawa ɗan Kanada ya tambaye ni ko zan koma kaka mai zuwa, na ce masa har na fara duba jadawali. Wannan karon ɗana zan kai, shekararsa tara, kuma na riga na gaya masa ba ƙasa za mu zauna ba, za mu sauka dai mu kalli motsa jiki ya ɗaga kwalinsa ko Allah zai sa a jefo masa faifai, sannan mu hau sama kusurwar da Sharks ke kai hari sau biyu cikin zango uku, in nuna masa lamba 71 in ce ya bar faifan ya kalli kan yaron nan kawai.